Ina Ke Maka Ciwo, Muhyiddeen?

Duk wanda ya tashi a Tarai tare da Muhyiddeen ɗan Malam Badamasi, in ka tambaye shi labarinsa, sai ya fara yin dariya kafin ya buɗe baki. Yaro ne da bai taɓa zama ya ɗumama tabarma ba. A aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi a bakin rafi yana kallon Fulani suna tsallakar da shanu, kuɗin na damƙe a hannunsa, zancen gishiri kuwa tun a ƙofar gida ya zube. A makarantar allon mahaifinsa shi ke fara haddace karatu, shi kuma ke fara shan bulala, don kafin sauran yara su kai rabin allo ya gama nasa ya koma mintsinin na kusa da shi. Shi kuwa Malam Badamasi mutum ne mai tsananin natsuwa, ko ƙuda ne ya sauka a hancinsa sai ya kai aya kafin ya kore shi. To irin wannan mutumin Allah ya ba wannan ɗa. An yi duka, an yi rubutun sha, an yi hayaƙi, an kai ƙara wajen kawunnai. Daga ƙarshe gida ya tsaya a kan cewa rawar kai ce, in ya girma zai daina.

Ina! Bai daina ba, sai dai ya koyi ɓoyewa. Kansa na ja a lissafi, shi ya ɗauke shi daga sakandaren Rano zuwa jami'a, ya fito da sakamakon da aka yi ta maganarsa har a kasuwar Kibiya. Amma aiki biyu ya samu, biyun duka aka sallame shi, kuma ba a kan sata ko rashin kunya ba. Makara ce, da mantuwa, da fara abu goma a bar tara a hanya. A gida ya ce kamfanonin ne suka rage ma'aikata. Malam Badamasi ya dube shi kawai ya ci gaba da jan carbinsa, don ya san ɗansa.

Aiki na uku shi ne na wani banki, a shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, 'yan siyasa suka cika gari da jiniya, kowa kuma ya haukace da sayen hannun jari, har mai shayi yana tambayar farashin na yau. Ba a kanta aka sa shi yana karɓar kuɗin jama'a ba. Sashen zuba jari aka kai shi a babban ofishin Kano, inda ake haɗa masu kuɗi da masu buƙatar jari, a tsara musu yadda za a kafa masana'anta ko a faɗaɗa kamfani. Aiki ne na cin rai. Waya ba ta shiru, Legas na kira, attajirai na kira, kuma kuskuren layi ɗaya a takarda ya isa ya rusa cinikin da aka yi wata da watanni ana lallaɓawa.

Abin da ya riƙe shi a wurin, in abu ya kama zuciyarsa ba shi da na biyu. Sai ya duƙufa, ya manta ci ya manta sha, ya warware matsalar da ta gagari mutum huɗu. Sannan kuma, kai jama'a, ya manta bai aika da ita ba. Ya taɓa barin wasu manyan baƙi a ɗakin jira har suka yi fushi suka tafi, yana can yana gyaran wani abin da babu wanda ya sa shi. A taro ƙafarsa ba ta daina kaɗawa, bakinsa na riga tunaninsa fita. Abokan aiki suna yi masa dariya, shi ma yana taya su, in ya shiga banɗaki ya kifa kansa da bango yana tambayar Ubangiji me ya yi aka halicce shi haka.

Matarsa Juwairiyya ce ta gaji da ganin namiji yana ƙonewa a tsaye, ta matsa masa sai da ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ya je yana ɓoye fuska kada wani ɗan Tarai ya gan shi a layin. Likitan ya saurare shi da kyau, ya tambaye shi har zamanin allo, sannan ya ce larura ce sananniya, Turawa na ce mata ADHD: hankali ya ƙi tattaruwa wuri ɗaya, jiki ya ƙi zama, kuma da ita ake haihuwar mutum. Ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya fara, wadda sai an aika Legas da takardar likita ake samunta. Ranar da ya fara sha, Muhyiddeen ya zauna a kujerarsa ya karanta takarda daga sama har ƙasa ba tare da ya miƙe ba. Da ya kai ƙarshe sai hawaye. Ashe haka sauran mutane suke rayuwa, shiru a cikin kai, kuma kyauta suke samunsa.

Sai dai maganin ba ya kai yini. In ya sha da safe, zuwa azahar ya sake shi, dole ya ƙara wani. Kuma kafin ya same shi ya riga ya ɓata rawarsa a wurin ogansa, Abdulganiyyu, wani mutumin Ilori marar yawan magana. Bayan wata takarda ta wani kamfani da Muhyiddeen ya aika wa abokin gasarsu bisa kuskure, ogan ya kira shi ya rufe ƙofa, ya gaya masa cewa shi ya tsaya masa a wajen shugabannin bankin a Legas har bakinsa ya gaji. Saura dama ɗaya. In ta kuɓuce, ya nemi wani wurin.

Damar kuwa a ƙofar gidansu ta faɗo. Wasu masu kuɗi daga Legas suna son kafa injin casar shinkafa kusa da Rano, amma ba za su saka ko sisi ba sai ƙungiyar manoman ƙauyukan Saji da Durba da Tarai ta amince za ta noma musu. Manoman kuma da sun ji kalmar banki sai su ce a'uzu billahi, kuɗin ruwa. Muhyiddeen ne ya zauna ya tsara hanyar da babu ruwa a ciki: masu kuɗi su kawo iri da taki, manomi ya kawo gona da ƙarfinsa, a raba abin da Allah ya bayar, in an yi asara kowa ya ɗauki tasa. Shi ne ɗan gida, shi zai yi wa dattawa bayani da bakinsa. Dattawan suka ce sun ji, amma za su zo da malamin da zai saurara ya gaya musu ko halal ne. Malamin da suka zaɓa Malam Badamasi ne.

Aka sa taron a Rano a cikin azumi, bayan sallar la'asar, don lokacin ne mutane ke dawowa daga gona. Tun shigowar watan da sahur yake shan maganin, ya lallaɓa da shi zuwa hantsi ko azahar, daga nan ya kulle kansa a ofis yana kaucewa mutane har a sha ruwa. La'asar kuwa ita ce lokacin da ya fi lalacewa: ga yunwa, ga ƙarancin barci, ga kai ya koma kamar tashar mota ranar kasuwa. Ya roƙi a mayar da taron safe, aka ce jirgin masu kuɗin sai rana zai sauka. Ya gwada shan biyu da sahur, zuciyarsa ta yi ta dukan uku-uku, kuma duk da haka kafin la'asar ya watse.

Juwairiyya ta ce ya sha abinsa da rana ya rama daga baya, ai Allah ya san ba gangan ba ne. Ya ce mata ba ta gane ba. Shi tun yana ɗan shekara tara bai taɓa karya azumi ba, shi kaɗai ne abin da mahaifinsa ya taɓa yaba masa a kai. In larura ce, ramuwa ce kawai. In kuwa ba larura ba ce a wurin Allah, ya keta alfarmar wata da gangan don neman duniya, kuma duniyar ma ta banki. Ta ce to ya je ya tambayi Malam mana, tunda a gidansu ilimin yake. Ya daɗe yana kallonta, don shekara guda ke nan yana ɓoye wa tsohon zancen likita.

Ranar taron ya yi sammako ya kama hanyar Bunkure, ya wuce Rano da duwatsunta, ya isa Tarai rana ba ta yi zafi ba. Ya tarar da Malam a zaure. Bayan gaisuwa tsohon ya ce tunda ya zo, ya fara warware masa wannan tsari nasu kafin a shiga jama'a. Maganin sahur na jikinsa a lokacin. Muhyiddeen ya tanƙwashe ƙafa ya yi bayani tiryan-tiryan, kowace tambaya ya jira ta ƙare kafin ya amsa, ya kawo wa zai ɗauki asarar ambaliya, wa zai ɗauki ta tsuntsu, me zai faru in manomi ya rasu a tsakiyar damina. Malam yana saurare yana satar kallon ƙafafun ɗansa da suka zauna wuri ɗaya. Da aka gama ya ce bai ga haram a ciki ba. A bakin Malam Badamasi wannan babban yabo ne.

Daɗin haka ya ba shi ƙarfin hali. Ya zaro kwalbar daga aljihu ya ajiye a kan buzu, ya faɗi komai: likitan, sunan larurar, korar da aka yi masa sau biyu, da maganar Oga Abdulganiyyu. Ya ce so yake ya san ko ya halatta ya sha guda ɗaya da rana ya rama bayan salla.

Malam bai taɓa kwalbar ba. Ya ce matafiyi an yi masa sauƙi, amma Kano zuwa Rano ba ta kai tafiyar ƙasaru ba, shi ma ya sani. Mara lafiya ma an yi masa sauƙi. Sannan ya ɗago ya dube shi tun daga hula har takalmin da ya cire a bakin ƙofa.

"To kai ina ke maka ciwo, Muhyiddeen? Nuna mini wurin."

Ya kai hannu kansa, sai Malam ya tambaya ko ciwon kai ne. Ya ce a'a. Jiri? A'a. Zazzaɓi, farfaɗiya, ko yana jin in bai sha ba zai halaka? Duk a'a. Ya yi ta kame-kame yana neman kalmar da za ta ɗauki abin, bai samu ba, don yaya za ka gaya wa mutumin da tunaninsa ke tafiya a layi tun haihuwa cewa naka ba ya jin kira?

Tsohon ya ce shi ga mutum a gabansa garau, da mota da ƙiba, ya gama zuba magana mai ma'ana yanzun nan. Ya ce abin da ake haɗiya a ji daidai, in ya saki mutum ya nemi wani, su a nan ma sun san shi, suna ganin yaran da ke sha a bayan tasha. Ba ya zarginsa, amma ba zai buɗe masa ƙofar da bai ga dalilinta ba. Rawar kai hali ne, hali kuma da haƙuri ake dafa shi, azumin ma don haka aka saukar da shi. Ya tura masa kwalbar da bakin carbi ya ce ya mayar aljihu.

Tare suka taho Rano bayan azahar, uba a gaba ɗa na tuƙi. Tun a hanya ya fara jin abin yana zamewa. Ya wuce kwanar da zai shiga sai da Malam ya yi gyaran murya. A masallaci ya tsuguna da buta zai yi alwalar la'asar, ya ɓoye ƙwayar a tafin hannu. Ga ruwa, ga baki, babu mai kallonsa, kurkurar baki ɗaya ta isa. Wallahi ya kai hannun har haɓarsa. Ya tuna Juwairiyya da 'yarsu Nana Khadija, da gidan haya, da ranar da zai sake cewa an rage ma'aikata. Sai kuma ya ji muryar tsohon tana cewa nuna mini wurin. Ya tsaya a haka har ƙwayar ta fara narkewa da gumin hannunsa, sannan ya mayar da ita kwalba ya yi alwalarsa yana kuka ba sauti.

A ɗakin taron wata makaranta aka zauna. Dattawan ƙungiya a gaba, shugabansu Alhaji Lado na Durba a tsakiya da sandarsa, Malam Badamasi a gefensa. Can kusurwa Oga Abdulganiyyu da baƙin Legas suna ta fifita da takarda. Muhyiddeen ya yi sallama ya fara, kuma farkon bai yi laifi ba, don ya maimaita shi a ransa har ya haddace. Amma fankar sama tana da wani ƙara a kowane zagaye. Wata mata a bayan katanga ta ɗora kaskon ƙosan shan ruwa, ƙamshin ya shigo ta taga. Wani dattijo yana ta murza hularsa. Kowanne daga cikinsu ya kama hannun rigarsa yana ja, shi kuwa ba shi da ƙarfin ƙwacewa.

Alhaji Lado ya gyara zama ya fara tambaya, irin tambayar manya mai doguwar shimfiɗa, daga ambaliyar wata shekara da ta cinye masa fadama. Bai kai ga gaɓar ba Muhyiddeen ya tari numfashinsa ya hau amsawa. Yaron da aka haifa a gabansu ya katse Alhaji Lado a bainar jama'a! Ya gane abin da ya yi, ya ba da haƙuri, dattijon ya haɗiye ya sake ɗaukowa daga farko. Wannan karon Muhyiddeen ya dafe bakinsa ya ƙura masa ido don kada kalma ta wuce shi. Yana kallon leɓen mutumin na motsi, hankalinsa kuwa ya bi ƙarar fankar, daga fankar ya tafi injin casa, daga injin ya tafi wutar lantarkin da za a ja masa. Da ya dawo, kowa shi yake kallo.

"Alhaji, ku gafarce ni. Me kuka tambaya?"

Wani ya yi tsaki a baya. Alhaji Lado ya faɗa a gajarce, murya a daƙile: in ruwa ya ci gona, wa zai biya iri da taki? Amsar da Muhyiddeen ya tsara da hannunsa, wadda ya faɗa da safe ba gargada. Ya lalubo ta ya rasa. Tsoro ya rufe shi, bakinsa kuma ba ya iya shiru, sai ya kama abin da ya fara zuwa. Abin da ya zo kuwa sharuɗɗan wani ciniki ne daban da yake aiki a kai a makon, bashin wani kamfanin sufuri: wanda ya karɓa zai biya ko an samu ko ba a samu ba, in ya makara a ƙara masa wani abu a kai. Yana faɗa yana zagaya gaban allo, yana jin wani abu ba daidai ba amma ya kasa tsayar da kansa. Sai da ya ga Oga Abdulganiyyu ya miƙe tsaye sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Muhyiddeen ya ce a'a, ba haka ba ne, ya ruɗe ne, a ba shi dama ya gyara. Ogan ma ya sa baki da guntuwar Hausarsa. Amma surutu ya riga ya kaure, ana cewa dama an faɗa, banki banki ne. Alhaji Lado ya ɗaga sanda aka yi shiru, ya juya ga Malam Badamasi ya ce su abin da malam ya faɗa shi za su bi.

Tsohon ya ɗago kai. Bai iya ƙarya ba, ko don ɗansa. Ya ce abin da ya ji da safe a zaurensa halal ne, abin da ya ji yanzu riba ce tsagwaronta, kuma duka daga baki ɗaya suka fito. Shi ba zai ɗora gonakin mutane a kan magana biyu ba. Dattawa suka kakkaɓe riguna suka fita, kowa na sauri ya isa gida kafin a kira salla. Baƙin Legas suka shige motarsu. Oga Abdulganiyyu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kai mahaifinsa gida, ranar Litinin ya kawo makullin motar banki da katin aiki.

Yadda ya tuƙa su zuwa Tarai, shi ma bai sani ba. Suna tsayawa a ƙofar gida ana kiran magariba. Ya kashe motar ya kasa fita, ya kifa kai a sitiyari. Shi ke nan, na uku ma ya tafi, kuma wannan karon a gaban duk wanda ya san sunan kakansa. Malam ya fita ya shige gida. Can sai ga shi ya dawo da kansa, ba aike ba, da dabino a hannu ɗaya da kofin ruwa a ɗayan. Ya buɗe ƙofar motar ya miƙa masa dabinon, ya tsaya har ya tauna.

"Wanda ya zauna da ni da safe, da wanda ya tsaya a gaban mutane ɗazu, na gan su duka biyun," in ji shi. "Ina maganin naka? Ɗauko ka sha."

Muhyiddeen ya so ya gaya masa cewa yanzu ba shi da amfani, sai dai ya hana shi barci. Amma ya ga yadda kofin ke karkarwa a hannun tsohon har ruwan na zuba a kan rigarsa. Ya ɗauko ƙwayar nan da ta fara narkewa ya haɗiye.

Suka yi salla, suka zauna a zaure, aka kawo kunu babu wanda ya taɓa. Kafin a kira isha kan Muhyiddeen ya yi shiru. Amsar Alhaji Lado ta dawo masa cif, a jere, babu abin da ya ɓace. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, Malam ya tambaye shi mene ne, ya gaya masa. Tsohon ya ce to ya faɗa, yana ji.

Ya tanƙwashe ƙafa ya faɗe ta daga farko har ƙarshe, wa zai ɗauki asarar iri, wa zai ɗauki ta taki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Malam Badamasi bai katse shi ba. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza, ɗan kuma ya ci gaba da bayani har ya kai ƙarshe.